Kwamfutocin da Na Jera wa Shafa'atu

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso kusa. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, mai goyo ta lallashi ɗanta. Amma kada ku jira kura, kada ku jira zomo, don yau babu dabba a cikin labarin nan sai ni.

Ba zan taɓa mantawa da bikin jikata Shafa'atu ba. Ko na so mantawa ma matan Shinkafi ba za su bari ba, don har gobe idan na sauka a tasharsu sai na ga wata ta kai gefen mayafi baki.

Ni dillaliya ce a Zurmi. Tun haƙorana suna cike nake ɗaukar daro a ka, ina shiga gidaje ina fita, ina kai wa matan aure abin da ba su je kasuwa sun gani da idonsu ba. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta aka nuna mini sai dai in ce masha Allah. Amma Allah ya ba ni ido. Ni na fara cewa ƙwarya za ta sauka daga jere kwalla ta hau, aka ce na zautu, sai ga shi an wayi gari kowace amarya da kwalla har rufin ɗaki. Ni na ce gadon ƙarfe mai rumfa ya ci zamaninsa. Ni na shigo da kular abinci unguwarmu lokacin da mata ke tsoron murɗa murfinta. Saboda haka daga Zurmi zuwa Dauran har Gurbin Bore, uwar da za ta aurar da ɗiya ba ta sayen ko ludayi sai ta aiko ta ji ta bakina. "Idon Inna ba ya kuskure," haka ake cewa. (Ni ma haka nake cewa, har na fi kowa yawan faɗa.) Ba ni da shago, ba ni da gona. Sunan nan shi ne shagona, shi ne gonata.

To ina da taubashiya a Shinkafi, Tumba, ɗiyar kawuna, ita ma dillanci take yi. Tun muna 'yan mata ba mu taɓa zama wuri ɗaya mun tashi lafiya ba. Sai kuma Allah ya yi mijin da Shafa'atu za ta aura ɗan Shinkafi ne, ɗan gidan malamai da ma'aikata, katangarsu ɗaya da gidan Tumba. Kun ga ke nan an ɗaure akuya a gindin rumbu.

Bayan an sa rana sai Tumba ta zo Zurmi, wai ta zo yin murna. Ba ta gama shan ruwan baƙunta ba ta sa hannu a jaka ta zaro wani abu shafal, baƙi, ta ɗora mini a cinya.

"Ke tsohuwa, kin san wanga?"

Na ce, "Faifan turawa ne, ko madubin da ya ƙone?"

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta shafa shi da yatsa, sai ya kawo haske. Ga jikokinta suna tsalle a ciki, ta ƙara shafawa ga wani malami yana karatu da murya mai daɗi. Ta ce, "Tabilet aka ce mata, kwamfutar hannu. Na riga na shigar da ita gidajen ma'aikata. Ki sa ido, nan gaba babu ɗakin amaryar da za a shiga ba a iske ta ba. Ke kina nan kina yawo da samira, duniya ta tahi ta bar ki."

Na ɗauka na auna a tafin hannu, yadda nake auna kowane kaya. Wallahi ƙullin daddawa ya fi ta nauyi. Ni kuwa tun ina yarinya na san kaya iri biyu ne a duniya, akwai mai nauyi, akwai mai ruɗi.

Shafa'atu na gefe tana tsince shinkafa. Ita ta yi karatu a Ƙaura, kuma sana'arta tsara katin biki da na suna a kwamfutar mutane, ana raba abin da aka samu. Na ce, "Ke ƙawata, zo ki raba mu. Shin wagga aba ita ce kwamfutar da kuke faɗi?"

Ta ce, "Kaka, ai iri uku ce. Akwai ta tebur, ita ce mai ƙarfin aiki, amma inda aka girke ta nan take, kuma ba ta motsi sai da wuta. Akwai ta cinya, ana ninke ta a sa a jaka, tana riƙe caji. Sai ta hannu irin ta Gwaggo Tumba, ta fi su sauƙi, ta karatu ce da kallo."

"Ke wace ce ranki ke so?"

"Ni ko ta cinya 'yar gwanjo na samu, ai na gode Allah."

'Yar gwanjo, ta ninkewa, a ɗakin jikata! Na juya kan Tumba na ce, "Ki saurara in koya miki kasuwa. Kin je asibiti? Kin je sakatariya? Mi kika gani gaban babban ma'aikaci? Ta tebur, zaune daram kamar hakimi. Kin taɓa ganin babban mutum ya tsuguna yana shafar faifai? Kuma abin da za a tura ƙarƙashin filo ba kayan ɗaki ba ne. Kayan ɗaki shi ne wanda baƙuwa za ta hango tun daga ƙofa ta koma gida ta kasa barci. Wagga taki yaro zai zauna a kai ta tashi aiki. Shekara ɗaya na ba ta a kasuwa."

Tumba ta ce, "Awo, malama. To wuta hwa? Yaushe rabonku da wuta a Zurmi? Wagga mai caji na bakin kasuwa ke cika ta da hasken rana, ta wuni tana magana. Kuma kin san zamanin da muke ciki. In anka ce a tashi a bar gari, mi za ki goya? Tebur?"

Nan ta taɓa inda ke yi wa kowa ciwo. Amma a gaban Tumba ba a nuna an ji zafi. Na buga cinya na ce, "Ranar buɗar kai ki zo da faifanki, in zo da nawa. Mata su zaɓa."

Ban gaya wa kowa shirina ba. Na sa aka kai ragunana biyu kasuwa, na ƙulle abin da aka samu a bakin zane, na hau mota ni kaɗai sai Ƙaura.

Aka nuna mini shagon wani saurayi mai sayar da kwamfutoci, sababbi da na gwanjo. Yaro mai ladabi, ya ba ni benci, ya saya mini ruwan leda. Yana ta ɗauko mini 'yan shafal-shafal ɗin nan, ina kawar da kai. A kan teburinsa kuwa ga wata zaune, gilashinta na haske, hotuna na wucewa. Na ce a raina, ga abin da na zo nema. (Da na sunkuya na leƙa ƙarƙashin teburin nan, da yau ba ku da labarin ji. Amma wa ya ga Inna ta sunkuya a shagon yaro?)

Can ƙurya na hango 'yan'uwanta a ƙasa, masu gilashi a gaba da ƙaton ƙeya a baya, sun yi layi kamar tumakin da aka yi wa kiwon sallah. Na je na ɗaga ɗaya, sai da ƙuguna ya ce ƙas. Na ce alhamdu lillahi, wannan shi ne kaya. Na zaɓi babba, na zaɓi mai bi mata, na zaɓi 'yar auta.

Mai shago ya ce, "Inna, har uku? Ofis za ki buɗe?"

Na ce, "Amarya zan kai. Kai ka taɓa ganin an jera samira guda ɗaya tilo? Jere sai da uwa da ɗiya da jika."

Ya sosa kai. Sai ya shiga ciki ya jawo wani akwatin ƙarfe, toka-toka, mummuna, wayoyi na reto a bayansa kamar hanjin akuya. Ya ce, "To sai ki haɗa da wannan, Inna, ko guda ɗaya ne, don shi ne..."

Na ɗaga masa hannu. Ai na san wannan rawar, ni ma ina taka ta. Mace ta sayi kula ka ce sai da cokalinta, ta sayi gado ka ce sai da labulensa. Na ce, "Ɗana, tun ba a haifi uwarka ba nake ciniki. Ka riƙe akwatinka ka zuba ƙusoshi."

"Inna, ki saurara mini, waɗannan su kaɗai ba za su..."

"Wannan abin a ɗakin amarya? A ce mi na kawo, tarkon gafiya?"

"Wallahi Inna ba don in ci riba ba ne."

"Duk haka kuke cewa."

Ya ɗaura mini wayoyin wutarsu a leda, ya sa aka loda mini a mota. Har mun tashi yana biye da mu yana buga ƙofa, "Inna, don girman Allah!" Na ce wa direba, "Ka ga naci irin na 'yan Ƙaura?" Da na waiwaya na gan shi tsaye a tsakiyar titi, hannu biyu a ka, yana bin mu da irin kallon da ake yi wa wanda ya hau jaki ya fuskanci wutsiya. Na ce yaro ya ji zafin an fi shi wayo.

Da na iso gida na naɗe su da zannuwa na tura ƙuryar ɗakina. Duk wanda ya tambaya in ce gudummawar kaka ce, ba a buɗewa sai ranarta. Idan kowa ya fita in kulle ƙofa, in goge su da tsumma da ɗan man gyaɗa har su yi ƙyalli, in kunna kasko in turara su. Sannan na ɗauki darona na shiga gari. Duk gidan da na san akwai budurwar da aka kusa sa wa rana, na shiga. Na je Dauran, na aika Gurbin Bore. Na ce, "Kada wadda ta sayi komai tukuna. Ku zo Shinkafi ranar buɗar kan Shafa'atu ku ga abin da za a yi yayi. Wadda ta riga faɗa ita zan riga kawo wa." Suka ce, "Inna, mene ne?" Na ce, "Abin da ke gaban manya."

Ranar jere mu tsofaffi muka tafi Shinkafi da kaya. Aka kafa gado, aka jera kwanoni a kabet, aka rataya labule. Ni kuwa na sa aka ajiye tebur daidai saitin ƙofa, na kori kowa, na ɗora su da kaina, babba a dama, mai bi mata a tsakiya, 'yar auta a hagu. Na lulluɓe su da farin leshi. Na ja da baya na tsaya bakin ƙofa na duba yadda baƙuwa za ta gani. Jama'a, sai da na yi ƙwalla don daɗi.

Ranar buɗar kai da la'asar ɗaki ya cika maƙil, har tsakar gida. Ga dangin ango, matan malamai da hijabai har ƙasa, suna magana ƙasa-ƙasa. Ga 'yan boko da tabarau. Ga mutanena na Dauran da Gurbin Bore, sun biya kuɗin mota sun zo don maganata. Amarya na zaune a bakin gado an lulluɓe ta, kai a sunkuye kamar yadda aka san amarya. Tumba ta samu wuri kusa da taga ta baje, jakarta a cinya. Babbar yayar ango kuwa, Malama Luba, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ita ke tarbar baƙi. Mace mai natsuwa, ko dariya za ta yi sai ta nemi izinin fuskarta.

Da aka gama addu'a aka fara kallon kaya, sai na miƙe na gyara ɗaurin zane. Na yi gyaran murya.

Na ce, "Jama'a, salamu alaikum. Ku kun san ni, waɗanda ba su san ni ba sun ji labarina. Yau akwai masu yawo gida-gida da wani faifai suna cewa shi ne gobe." (Ban kalli Tumba ba, amma kowa ya kalle ta.) "To ni ina gaya muku, abin da iska za ta ɗauka ba ya zama gobe. Ta cinya ta 'yan makaranta ce, su gama su sayar. Ta hannu ta yara ce, su fasa a share. Wadda za ta zauna a kasuwa, ta zauna a ɗaki, a gada daga uwa zuwa ɗiya, ga ta nan!"

Na fizge leshi.

Wata tsohuwa 'yar Dauran ta rangaɗa guɗa har sai da kunnena ya yi ƙara. Tsofaffi suka ɗauki salati. "Kai, Inna! Har uku!" "Ku dubi ƙeyarsu don Allah!" Wata ta matso ta shafa babbar ta ce, "Wannan ko ɓarawo ya zo sai ya nemi taimako." Na hango 'yan matan nan masu tabarau suna kallon juna suna cije leɓe. Na ce a raina, hassada ga mai rabo taki.

Tumba ta ce, "Masha Allah, taubashiya, kin yi ƙoƙari. To a kunna muna mu ga hotunan kamu mana."

Na ce, "Ai dama jira nake ki roƙa."

Aka tayar da janareta. Malama Luba ta karɓi ledar wayoyi da kanta, ta jona su ɗaya bayan ɗaya. Na lura tana leƙa bayan tebur, tana leƙa ƙarƙashi, har ta ɗaga gefen labule. Na ɗauka tsaftar jerenmu take dubawa. Ta danna, ta danna, ta danna. Gilasan nan uku suka yi ƙyaf, suka kawo haske. A kowanne sai ga wani ɗan akwati da rubutun boko a ciki, yana tafiya a hankali, ya je wannan kusurwa ya dawo waccan.

Ni da kaina na yi guɗa. Na ce, "Kun gani? Gaishe ku take yi. Tana bi kusurwa-kusurwa don kada ta tsallake kowa. Abin manya ke nan, da ladabinsa yake zuwa."

Tsofaffi suka ce, "Muna amsawa, muna amsawa."

Muka jira ta gama gaisuwa. Ɗan akwati ya je, ya dawo. Ya je, ya dawo. Janareta na ta kuka a waje. Wata ta yi hamma. Wani jariri ya fara ƙananan kuka.

Tumba ta ce, "Gaisuwar tata irin ta Zurmi ce, ba ta ƙarewa?"

Na matsa gaban babbar. Na tuna yadda Tumba ta shafa nata da yatsa, na shafa. Shiru. Na sa yatsu biyu. Na sa tafin hannu duka na murza, sai man gyaɗa ya bi hannuna. Na koma kan ta tsakiya na yi mata magana a hankali, "Haba ɗiyar albarka, ga baƙi." Da na ga abin ya ƙi, na ba 'yar autar mari a kunne yadda mijina marigayi malam ke yi wa rediyonsa.

Sai Malama Luba ta matso kusa da ni, ta rage murya, ta ce, "Inna, don Allah ina akwatin da aka haɗo su da shi? Ko yana cikin kayan da ba a kwance ba?"

Baiwar Allah ta buɗe mini ƙofar fita. Da na ce eh, yana Zurmi, an manta shi, da shi ke nan, asiri ya rufu. Amma ni da nake ganin dama ta samu in nuna wa Shinkafi yadda ake ciniki, sai na ɗaga murya don na tsakar gida ma su amfana.

Na ce, "Wane, wancan mummunan akwatin? Ai yaron ya so ya manna mini shi, har mota ya biyo ni yana magiya. Na ce ya riƙe tsiyarsa. Ni za a yi wa wayo?"

Ɗaki ya yi tsit. Irin shirun da ake yi idan liman ya yi tuntuɓe a karatu.

Malama Luba ta dubi ƙasa, ta dubi sama, ta ce, "Inna... ai shi ne kwamfutar. Waɗannan fuska ce kawai, abin da ya yi suke nunawa. Rubutun nan da ke yawo ma cewa yake ba a jona komai ba."

Na ce, "Duk ukun?"

Ta ce, "Duk ukun, Inna."

Tumba ta miƙe tsaye, ta riƙe ƙugu, ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya kamar mai shelar sarki. Ta ce, "La ilaha illallahu! Jama'ar Annabi ku shaida. Taubashiyata ta sai da raguna, ta tahi Ƙaura, ta sawo marufi ukku, ta baro tukunya!"

Wayyo ni. Ɗakin nan kamar an fasa rumbu. Matan malamai da ke magana ƙasa-ƙasa suka cusa fuska cikin hijabi, kafaɗu na rawa. Masu tabarau suka zube kan juna. Tsohuwar da ta yi mini guɗa ta ce, "To gaisuwar da munka amsa hwa, wa ya gaishe mu?" Aka sake fashewa. Na tsakar gida suna tambaya me ya faru, ana miƙa musu labari ta taga, dariya ta tashi can ma kamar gobara ta tsallaka danga.

Duk wannan da sauƙi. Sai aka ga amarya ta fara jijjiga a cikin lulluɓi. Wata gwaggon ango ta ce, "Ku yi shiru, kun sa yarinya kuka." Ta je ta rungume ta tana cewa, "Yi haƙuri ɗiyata, kowa da irin kakarsa." Ta ɗaga mayafin don ta share mata hawaye. Hawaye kam akwai su. Amma Shafa'atu, jikar da na goya, amaryar da ya kamata a ce ko ƙwayar idonta ba a gani ba a gidan surukai, ta wangale baki har ana hango dasashi, ta ce, "Kaka... marufi..." ta sulale daga bakin gado ta faɗo ƙasa tana riƙe da ciki. Haka aka buɗe kan amaryar nan. Ko sisin sayen baki dangin ango ba su biya ba, ni na buɗe musu shi kyauta.

Kafin in farfaɗo, Tumba ta zaro faifanta ta shafa. Ga hotunan kamu, ga amarya da ƙawaye, ga masu kiɗan ƙwarya. Mata suka yi mata rumfa. Ina tsaye ina kallo mutanena na Dauran da Gurbin Bore, waɗanda na tara da bakina, suka juya mini baya ɗaya bayan ɗaya. Ina jin ɗaya tana cewa, "Tumba, wagga tana buƙatar akwati?" Tumba ta ce, "Sai dai a tambayi Inna, ita ce idonta ba ya kuskure."

Na ce zan yi alwala. Na ɗauki buta na zaga baya. Tun da nake ban taɓa alwala mai tsawon wannan ba, sai da aka kira magariba na fito.

Na koma Zurmi na kwanta ciwon da ba shi da magani. Darona na kife a ƙurya har gizo-gizo ya yi masa saƙa. Da yunwa ta fi kunya ƙarfi na ɗauka na fita, sai na tarar labari ya riga ni shiga kowane gida. Ana yi mini shimfiɗa, ana kawo fura, sannan uwar gida ta gyara zama ta ce, "Inna, wai yaya aka yi a Shinkafi?" Ba wadda ta ƙara tambayata abin da za a yi yayi. Su sayi ɗan kwano ko turmin atamfa don kunya, amma labarin suka kira.

Daga baya na koma Ƙaura, na shiga shagon yaron nan. Yana ganina ya miƙe ya ce, "Inna, an yi biki lafiya?" Na ce, "Zauna. Abin da ka so faɗa rannan, faɗe shi yanzu, na zo da kunnena." Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka, ya dai fita waje na ɗan lokaci ya dawo idonsa jawur. Ya ce ta tebur ba ta mutu ba, ofisoshi da masu shagon buga takardu suna nemanta. 'Yan makaranta da ma'aikata ta cinya suke saye, ita ta fi fita a wurinsa. Ta hannu kuwa iyaye ke ɗauka don karatun yara. Na ce, "To a ƙarshe wace ce za ta cinye kasuwa?" Ya ce, "Inna, wallahi ban sani ba. Ga waya ma kullum ƙara faɗi take, tana cin abincin ta hannun." Na dube shi. Mutum yana kwana cikinsu yana tashi cikinsu, ya ce bai sani ba. Ni da ban taɓa kunna ko ɗaya ba na tara garuruwa uku na yi musu huɗuba.

To ga yadda kowa ya ƙare. Tumba ta kwashe matan Dauran da Gurbin Bore, har yau ita ke kai musu faifai, ta yi ƙiba, kuma ba ta gaishe ni sai ta tambayi lafiyar tukunya. Malama Luba ta roƙi ta tsakiyar ta kai makarantarsu, wai akwai akwatin da fuskarsa ta fashe, aka haɗa su aure. Angon ya sayo wa babbar akwatinta, Shafa'atu na aikin katinta a kai duk ranar da aka ga wuta, ranar da babu kuwa ta buɗe ta cinyar da ta saya da guminta, 'yar gwanjo, irin wadda ta roƙa tun farko. Surukanta sun ce ba su taɓa samun amarya mai sakin fuska irinta ba. Yaron Ƙaura ya ƙara shago na biyu, kuma na ji duk tsohuwar da ta shiga sai ya fara nuna mata ƙarƙashin tebur.

'Yar autar ce ba wanda ya so, aka maido mini da ita. Tana nan ɗakina, baƙin gilashinta nake dubawa in ɗaura kallabi. Kowace safiya tana nuna mini matar da ta yi wannan aiki, ba ta buƙatar akwati.

Ni kuwa yanzu idan aka kawo sabon abu aka ce, "Inna, zai yi kasuwa?" sai in ce a fara kunna shi tukuna, a gida, ƙofa a rufe, ba Tumba a garin.

Ƙurunƙus. Da a ce ƙarya na shirga muku, da na fi ku jin daɗi.